Takardar da Tahira Ta Rataya a Wuya

Da sunan Allah mai rahama. Shugaban taro, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, ma'aikatan lafiya, baƙinmu na Tibiri da Jiratawa, iyaye mata, jama'ar Maraɗi, assalamu alaikum.

Sunana Maman Lawali, tela ne ni a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Na gode da aka ba ni magana, ko da yake kunya ce ta tsayar da ni gabanku yau.

Na farko, abin da na aikata. Bara, ma'aikaciyar lafiya Madam Nafisa da abokan aikinta suka zo awon hayaƙin murhu a layinmu. Wata 'yar na'ura ce mai girki ke ratayawa a wuya wuni guda, da farar takarda a ciki mai tare irin abin da take shaƙa. To, kun san halinmu: in baƙo zai zo, sai a share gida, a ɓoye tsumma. Ni na bi gida-gida na ce a fito da murhu tsakar gida, a nemo busasshen icce, mai murhun gaz ya ara wa maƙwabci, kada a ce mu ƙazamai ne. Takardunmu suka fito farare tas. Aka ce iskarmu lafiya lau, aka kai murahu masu rage hayaƙi wasu unguwanni. Har murna na yi, jama'a, har murna.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Da damina matata Tahira ta koma madafar da na gina mata ba taga, tana hura ɗanyen icce. Tari ya kama ta, har numfashi ya fara gagararta. Ita ta roƙi Madam Nafisa ta dawo. Tahira ta rataya na'urar, ta girka tuwonta yadda ta saba. Ga takardar nan a hannuna, baƙa kamar gindin tukunya. Da na kasa kallonta, Tahira ta ce mini: "Malam, wannan ta wuni ɗaya ce. Ni shekara ashirin da biyu ke nan."

Na uku, roƙona. A dawo a sake auna layinmu, don matanmu ba su yi laifin komai ba. Ku kuma da za a zo muku, kada ku gyara komai, kada ku ari komai. Ku bari a ga hayaƙin; bayan awo, ku fasa taga a madafa, ku shanya icce. Ni na riga na fasa tawa tagar, amma likita ya ce ƙirjinta ba zai koma kamar dā ba.

Allah ya ba Tahira sauƙi, ya tsare numfashin iyayenmu mata, ya mai da kowa gida lafiya. Matan layinmu, ku yafe mini.

Na gode.