Ranar da Muka Roƙi Allah Tabita Ta Faɗi Gwaji

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ku amsa a hankali, nan Jidda ce, kuma kun san maƙwabcinmu na sama kunnen zomo gare shi.

Mama ce ya kamata ta tsaya a nan, amma duk sanda ta fara labarin nan sai hawaye su jiƙa kafet ɗin dattijonmu Baba Yohanna. Shi ya sa aka turo ni, Bitrus, da ba na kuka sai an karɓe mini waya.

Ga ƙanwata Tabita can tana ɓuya bayan kujera. Shekarunta takwas. Duk zumuntar nan babu mai kamo ta wajen ayar haddacewa. In ta ji abu sau biyu, shi ke nan, ya zauna. Amma ka miƙa mata takarda ka ce ta karanta, sai ka ce kunama ka ba ta. Takan ce haruffan ba sa tsayawa wuri ɗaya. A gida mun ɗauka wasa ne ya yi mata yawa. Mama ta yi faɗa, Baba ya kashe talabijin, ba abin da ya canja.

Ana nan makarantarsu ta kira Mama. Abla Huda, malamar da ke kula da yara masu buƙatar taimako na musamman, ta ce za su gwada Tabita da littafin ajinsu, su ga ko ta cancanci a sama mata malamar da za ta riƙa zama da ita.

To, kun san iyayenmu. Uwar da ta tashi a Kafanchan ba ta tura ɗa gwaji haka kawai. Ko gwajin jini ne, da da hali sai ta sa ka yi bita. Mama ta dawo daga aiki a asibiti, ko takalmi ba ta cire ba ta ce, "Bitrus, ajiye wayar nan. 'Yata ba za ta je ta kunyata ni a gaban Larabawa ba."

Ina karantawa, Tabita tana maimaitawa. A tebur, a mota, har a ƙofar banɗaki. Labarin wani raƙumi ne da ya ɓata, na maimaita shi har na fara jin tausayin raƙumin fiye da kaina. Mama ta koya mata inda za ta juya shafi, da inda za ta ɗan dakata kamar mai tunani. Ku ma da hannunku a ciki. Juma'ar makon gwajin, cikin addu'a, Mama Saratu ta ɗaure duk wani ruhun faɗuwa, kuka ce amin har labule ya motsa.

Tabita ta shiga ta zubo musu littafin tiryan-tiryan. Ta ci. Muka dafa kaza.

Bayan 'yan kwanaki aka kira Baba da Mama. Na bi su, domin shugabar makarantar in magana ta yi zafi Larabci take komawa. Ta ce, "Yarinyarku tana karatu sarai, ba ta cancanci taimako ba. Tunda ta iya amma ba ta yi a aji, taurin kai ne. In ba ta gyara ba kafin ƙarshen zango, ba mu da gurbinta baɗi."

Na saki baki, na manta ni ne tafinta. Baba ya zungure ni. "Kai, me ta ce?" Na faɗa musu. 

Mama ta roƙa a sake gwajin, aka ce sau ɗaya ake yi a shekara. Kunya kuma ta hana ta faɗin abin da muka yi. Suka zagaya wasu makarantu a Jidda, wannan ta ce babu gurbi, waccan ta ce ba su da irin wannan malamar. Sai na ji Baba yana waya da Kaka, ana shirin mayar da Tabita Kafanchan ita kaɗai. Tabitar da ba ta barci sai ta riƙe gefen zanin Mama. A nan ne dariya ta ƙare mini.

Wata safiya muna addu'ar iyali, layi ya zo kan Tabita. Ta ce, "Ya Yesu, na gaji da ci. Ka bar ni in faɗi, ko Abla za ta gane."

Na buɗe ido ɗaya. Na tarar Baba ya buɗe nasa duka biyu. Mama ba ta ɗaga kai ba. Da ƙyar ta ce amin, sannan ta ce, "Bitrus, sa takalminka."

A ofishin Abla Huda, Mama ta faɗi komai. Abla ba ta yarda ba, sai Mama ta rufe littafin ta ɗora jaka a kai. "Tabita, inda raƙumi ya isa rijiya." Tabita ta rufe ido ta kama zubowa. Abla ta dafe ƙirji.

"Ya Ummu Bitrus, duka littafin?"

Na ce, "Har da abin da aka rubuta a bayan bango, Abla."

Abla ta shiga wurin shugaba. Ta bayan ƙofa muna jin shugaba tana cewa doka doka ce. Mama ta leƙa ta ce, cikin ladabi, ta ɗauki hutu a wurin aiki, kuma kujerar nan ta yi mata daɗi, kullum za a same ta a kai. Ba ta kai mako tana zaman ba aka yarda a sake, da rubutun da Tabita ba ta taɓa ji ba.

Kun tuna Juma'ar da ta biyo. Baba Yohanna ya ɗaga hannu zai fara yi wa Tabita addu'a, ya sauke. "Maman Bitrus, in ce me?"

"Ka ce ta faɗi, Baba."

"Ni da furfurata, ban taɓa roƙa wa ɗan kowa wannan ba."

Amma ya roƙa.

Tabita ta faɗi gwajin warwas! Abla Huda ta fito da fuskar jaje tana laluben yadda za ta gaya mana. Ta ce larurar karatu ce da ake kira disleksiya, ba taurin kai ba, ba rashin basira ba. Mama ta rangaɗa guɗa a barandar makaranta har mai gadi ya sheƙo a guje yana tambayar wa ya suma.

Yanzu an tsara mata shiri nata. Akwai malamar da ke zama da ita, ana ƙara mata lokaci a jarrabawa, ana karanta mata tambayoyi. Shekaranjiya ta tsaya kan kwalin madara, ta yi ta fama, harafi bayan harafi, har ta haɗa kalmar da kanta. Ba wanda ya taya ta. Baba ya kira Kaka ya ce ta daina gyara ɗaki.

Na gode wa Ubangiji da ya ji addu'ar ƙaramarmu sa'ad da mu manya muke roƙon abin da ya kusa raba mu da ita. Iyaye, in ɗanku yana ɗingishi, kada ku koya masa taƙama kafin ku kai shi wurin likita. Ku kai shi yadda yake, ku dogara ga Yesu, ba zai kunyata ku ba.

Tabita, fito daga bayan kujerar nan, ki ce amin.