Saƙon Muryar da Ya Ƙi Buɗewa a Tsakiyar Teku

Mai girma shugaban ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ta garinmu, Dattijo Aristidis Mavroyenis. Mai girma limamin cocinmu, Baba Yerasimos. Wakiliyar magajin gari. Baƙinmu na kamfanin tafiye-tafiye da suka taso daga birni. Yayyena da ƙannena da za su hau jirgin ruwa a wata mai kamawa. Da ku 'ya'yanmu da kuka rako iyayenku, waɗanda da yawanku ni na fara ganin fuskokinku kafin uwayenku su gani, ina gaishe ku baki ɗaya, ina muku barka da wannan yammaci.

Ina gode wa shugaba da ya ba tsohuwar ungozoma irina damar tsayawa a gabanku. Ina gode wa maƙwabcina Lefteris da matarsa Stamatiya, waɗanda ke zaune can kusa da ƙofa, domin labarin da zan bayar nasu ne, kuma su suka ce in faɗe shi ba tare da na rage komai ba.

Jama'a, na san abin da ke ranku. Kun yi shekaru kuna aiki, kun yi shekaru kuna kallon waɗannan manyan jirage a talabijin, yanzu ga shi za ku kwana a cikin ɗayansu. Ban zo in ɓata muku murna ba. Na zo ne domin akwai wani tsoro da na ɗanɗana bara a cikin irin wannan jirgi, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba ko a ɗakin haihuwa, kuma ba na son ko ɗaya daga cikinku ya ɗanɗana shi.

Magana ta farko: wayar da ke aljihunku ba ta san teku ba.

Bara da rani muka tashi daga tashar jiragen ruwa ta Pireyas, ni da Stamatiya da Lefteris, dukanmu karon farko. Kun san Lefteris, mutumin da bai taɓa yin kwana biyu nesa da ƙudan zumansa ba. Ya bar amyoyinsa a kan dutse, ya bar mahaifiyarsa, Inna Garufaliya, mai shekara casa'in da ɗoriya, a gidansu na nan garinmu Drosovuni, a hannun ɗansa Babis. Tun muna layin shiga yake ta cika baki. "An ce duk inda ka je a Turai kuɗin waya ɗaya ne da na gida," in ji shi. "Sai na nuna wa jikokina kowane kifi da ke cikin ruwan nan."

Gaskiya aka faɗa masa, amma gaskiyar tudu ce. Da jirgi ya yi nisa da gaɓa, sai wayarsa ta saki layin ƙasa, ta kama wani layi na jirgin da kansa, wanda ke bi ta tauraron ɗan'adam. Ba ta yi ƙara ba, ba ta nemi izininsa ba. Shi kuwa yana can saman jirgi yana ɗaukar bidiyon ruwa yana turawa. Washegari muna karin kumallo saƙo ya shigo masa daga kamfanin waya: ya ci abin da ya fi kuɗin wayarsa na rabin shekara, kuma an toshe masa layi.

Ya ajiye kofinsa. Stamatiya ta ce, "Tsoho, kifin ne ya cije ka?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kawo wayarki. Argiro, ke ma kashe taki. Ɓarayi ne. Ko numfashi aka yi a nan sai sun caje mu."

Magana ta biyu, ita ce ta fi ta farko haɗari: kada tsoron kuɗi ya sa ku yanke kanku daga gida.

A jirgin ana sayar da intanet, tsari-tsari, mai araha da mai tsada. Stamatiya ta roƙe shi ya sayi ko da ƙaramin ne, saboda Inna. Ya ce, "Inna ta ga yaƙi, ta ga yunwa, ta binne miji. Mako guda ba tare da muryata ba zai kashe ta?" Ya kulle wayoyinsu a akwatin ƙarfen da ke ɗaki. Tawa ma a kashe take, domin ni ma tsoron ya kama ni. Muka ci abinci, muka kalli masu rawa, muka yi barci, ba mu san abin da duniya ke ciki ba.

Sai ranar da jirgi ke wuni a tsakiyar teku, babu tsayawa, babu ƙasa ko ta wace kusurwa. Da tsakar rana muka bi ta wani zaure inda talabijin ke ba da labarai da harshen da ba ma ji. Stamatiya ta tsaya cak, ta riƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Ta ce, "Argiro, wannan ba hasumiyar cocinmu ba ce?"

Ita ce. Ga hasumiyar, ga kwanar da ke ƙasan gidan mai, ga dutsenmu a baya, ja wur, hayaƙi ya rufe rabin sama. Aka nuna motoci a jere suna saukowa, aka nuna wata mata na gudu da akuya a hannu. Kafin mu gane wace ce, an wuce zuwa labarin ƙwallo.

Ya ku jama'a, na ga fuskokin maza da yawa a bakin ƙofar ɗakin haihuwa, amma ban taɓa ganin irin fuskar Lefteris a wannan lokaci ba. Ya ruga ɗaki, ya kasa tuna lambar akwatin, sai da aka kira ma'aikaci ya buɗe. Layinsa a toshe. Wayar Stamatiya da tawa, mun buga, mun buga, kira ya ƙi shiga, domin layukan yankinmu duk sun cunkushe. Muka sauka wurin teburin karɓar baƙi, muka tarar da layi ya miƙe har bakin matakala, wannan yana ƙorafin tawul, wancan yana tambayar lokacin rawa. Lefteris yana ta cewa "gobara, gobara," ba wanda ke jin harshenmu.

Magana ta uku: ku san abin da kuke saya kafin ranar da za ku buƙace shi.

Da muka kai gaba, yarinyar da ke teburin ta nuna mana takarda mai tsari iri-iri. Ba mu fahimci bambancinsu ba, Stamatiya ta ɗora yatsa a kan na farko. Aka haɗa wayarta. Nan take saƙonnin Babis suka fara zubowa, ɗaya bayan ɗaya, har suka cika fuskar wayar. Amma kun san Babis, ba ya rubutu, murya yake turawa. Tsarin da muka saya kuwa rubutu kaɗai yake ɗauka. Muna ganin saƙonnin, muna ganin lokacin da aka turo kowanne, tun daga safiya har zuwa hantsi, sannan shiru. Stamatiya ta danna, wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa. Ta sake dannawa, ya ci gaba da juyawa. Muryar ɗanta na cikin tafin hannunta, ba ta iya jin ta.

Ta rubuta masa, "Ɗana, rubuto mana, ba ma jin murya." Ba amsa. Ta rubuta wa matar Babis. Ba amsa. Ta ce da ni, "Me ya sa ya daina turowa? Argiro, ke kin san abubuwa, gaya mini me ya sa ya daina." 

Muka koma ƙarshen layi. Wannan karon Lefteris ya ciro walat ɗinsa gaba ɗaya ya ɗora a kan teburin, ya ce, "Ɗauki duka. Ɗauki zoben ma. Ki buɗe mini muryar ɗana." Yarinyar ta ga hawayensa, ta gane, ta mayar da mu babban tsari, ta tura masa walat ɗinsa.

Muka tsuguna a gefen matakala, kawunanmu uku a kan waya ɗaya. Saƙon farko, Babis yana dariya: "Baba, akwai ɗan hayaƙi ta bayan dutse, ba komai, ku sha iskarku." Na gaba: "Baba, iska ta juyo, ka kira ni." Na gaba, muna jin ƙarar jirgin kashe wuta a bayansa: "An ce kowa ya fita. Na sa yara a mota." Sai na ƙarshe, yana haki, yana tari: "Baba, Kaka ta ƙi fita. Ta kulle kanta a ɗaki. Ta ce ba mai fitar da ita daga gidan mijinta sai ta ji daga bakinka. Don Allah ka kira. Baba, kana ina?"

Saƙon ya kwashe sa'o'i a wayar kafin mu ji shi.

Lefteris ya kira, ya kira, ya kira. A kewayenmu mutane na wucewa da kayan wanka, ana kiɗa a sama, yara na shan ƙanƙara. Babu jirgin da zai juya dominmu, babu ƙasar da za mu taka sai gobe. Ya ce, "Ko ruwa zan faɗa in yi iyo, ta ina ne gida?" Na riƙe masa riga, domin ban tabbata wasa yake yi ba.

Sai da rana ta yi sanyi wayar ta yi ƙara. Matar Babis ce, daga asibitin birni. Babis ya kai yara gindin dutse, ya koma da 'yan kwana-kwana biyu, suka ɓalle ƙofar, ya goyo kakarsa a baya tana dukansa tana kiran sunan ubansa. Hayaƙi ya shiga ƙirjinta, hannayen Babis sun ƙone. Amyoyin duk sun ƙone, rabin gidan ya ƙone. Amma suna da rai, su biyun.

Muka sauka a tashar gaba, muka biyo jirgin sama. Ina tsaye a ɗakin asibitin lokacin da Lefteris ya durƙusa a gefen gadon mahaifiyarsa. Ta cire abin numfashin daga bakinta, ta dube shi ta ce, "Na yi ta jira ka ce in fita." Ya kifa kansa a kan bargonta.

Don haka, 'yan'uwana, ga roƙona. Kafin jirgi ya bar gaɓa, ku ba 'ya'yanku wayoyinku su kashe muku data, su nuna muku yadda ake yi, ku maimaita a gabansu har ku iya. Ku tambayi waɗannan baƙi namu, yau, a wannan zaure, nawa ne kowane tsari, kuma wanne ne ke ɗaukar murya da kira. Kada ku ji kunyar tambaya sau uku. Idan ya yi muku tsada, ku haɗa kuɗi ku huɗu ko ku biyar, waya ɗaya ta kasance a kunne dare da rana, kowa a gida ya san lambarta. Ku karɓi lambar gaggawa ta jirgin ku manna a bangon kicin. Ku kuma 'ya'yanmu, in wani abu ya faru, ku rubuta. Kalma uku a rubuce za ta iso inda dogon saƙon murya ba zai iso ba. Wanda kuma zai bar tsoho a gida, ya zauna a gabansa kafin ya tafi, ya ce masa, "In an ce ka fita, ka fita, na riga na ba da izini."

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Allah ya kwantar muku da teku, ya tsare gidajen da za ku bari da waɗanda ke cikinsu. Allah ya ƙara wa Inna Garufaliya sauƙi, ya warkar da hannayen Babis, ya kiyaye dutsenmu daga wuta a wannan rani. Kada Allah ya sa wani naku ya kira ku a ranar tsoro ya ji shiru.

Na gode.