Hoton da Ya Ƙi Buɗuwa

A bencin shagon wanke hoto na ji su: wata dattijuwa riƙe da filash, ɗan abin adana hotuna na kwamfuta, da wani mutum mai kwamfuta a cinya.

"Malam, shago uku ke nan, kowa cewa yake hoton ya lalace. Mahaifiyata ce. Daga ma'ajiyar tsofaffin takardu aka turo min."

"Mu gani, Mama. Lafiyarsa lau. Irin matsin da aka yi masa don rage nauyinsa ne ba kowace manhaja ke karantawa ba. Tawa za ta buɗe."

"To, ya na gan shi dishi-dishi?"

"Haka irinsa yake. Inuwa yake fara kawowa, sannan ya riƙa washewa kaɗan-kaɗan."

"Ikon Allah. Haka take zuwar min a mafarki, kamar ta bayan labule. Ina shekara huɗu ta rasu. Ga kafaɗar nan, ga ɗankwalin..."

"Saura kaɗan idanun su fito."

"Tsayar da shi, ɗana."

"Ba kya son ganin ta?"

"Ina so. Amma shekara sittin ina kiran ta Inna. Yanzu zai washe, in ga yarinya ce, sa'ar jikata. Bari in ɗan ƙara zama 'yarta tukuna."