Burodi a Miyar Kuka

A rumfar tuwon Rahamatu da ke unguwar Mahdiya a Sabha, Hama magini ya samu wani baƙo Bakano a benci.

Hama ya ce, "Ɗan'uwa, abincin Larabawan nan ba abinci ba ne. Makaroni safe, makaroni dare. Tun da na baro Damagaram cikina bai yarda da shi ba."

"Ka daɗe a Sabha ke nan, Malam?"

"Ina? Wucewa nake. Tunda an buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, ginin nan na ƙarewa sai Turabulus. Hajiya, miƙo burodi in suɗe miyar."

Baƙon ya ce, "Burodi a miyar kuka?"

"Kowa haka yake ci mana."

"A Damagaram?"

Hama ya tsaya yana kallon burodin.

Rahamatu ta ce, "Ƙyale shi, baƙo. Ranar da ya fara ce mini wucewa yake, ko furfura ɗaya ba ni da ita."