Ƙafar Sale Ta Warke, Tiramol Bai Sake Shi Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Hajara ce daga Yankara.

Bara ƙanena Sale ya faɗi da babur ya karye. A asibiti aka rubuta mashi tiramol saboda zogi, amma ba wanda ya gaya mana yaushe zai daina. Ƙafa ta warke, yanzu kuma in bai sha ba, ba barci, ba gona. Ya ce mani, "Yaya, ina so in bari, jikina ne ya ƙi."

Da muka koma, ma'aikaciyar ta ce kada ya yanke lokaci guda, likitan ƙwaƙwalwa kuwa sai Katsina. Hanya kun san halinta. Likitocin da ke saurare, me za mu yi mashi a gida kafin mu samu zuwa?