Koren Haske a Ɗakin Wankin Ƙoda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, mai girma shugabar asibiti, manyan likitocinmu, ma'aikatan jinya da ke tsaye a kanmu safe da yamma, masu shara da masu tura keken marasa lafiya, 'yan'uwana abokan kwanciya, da iyalanmu da ke zaman jiranmu a benci, ina miƙa muku gaisuwar girmamawa baki ɗaya.

Ina godiya da aka zaɓe ni in yi magana a madadin marasa lafiya a ranar buɗe wannan sabon ɗakin wankin ƙoda. Ni ba malami ba ne, mai fenti ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina hawa tsani da buroshi a hannu, kafin ƙoda ta sauko da ni. Idan maganata ta yi ɗigo nan da can, a yi mini afuwa.

Magana ta farko. Wanda bai taɓa kwanciya a gadon nan ba bai san tsawon awa huɗu ba. Awa huɗu, sau uku a mako, hannu a miƙe ba dama ka lanƙwasa, jininka na fita ta wannan roba yana dawowa ta waccan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a watana na biyar da fara wankin ƙoda na ce wa matata na gama, ba zan ƙara zuwa ba, abin da Allah zai yi ya yi. Ba ta yi kuka ba. Takalmina ta ajiye a gabana, ta ce, "Baban yara, je ka na yau kawai. Na jibi ma yi maganarsa jibi."

Ran nan ne ma'aikaciyar jinyar da muke kira Doguwa ta kashe labarai a talabijin ɗin bango, ta rage fitilu, ta kunna wani abu dabam.

Jama'a, sama na gani, baƙa wuluk, da taurari tsilla-tsilla. Sai wani koren haske ya taso daga gefe a hankali, kamar labulen da iska ke kaɗawa a ɗakin da ba kowa. Ya miƙe, ya naɗe, ya warware. Bakinsa ya rine da shunayya, shunayyar ta narke ta koma ruwan hoda, duka suka zubo kan wani tafki da ko motsi ba ya yi. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata wajen haɗa launi, sai na kama lissafi a zuci: kore kaza, fari kaza, a ɗiga shuɗi. Kafin in gama haɗawa ya sauya. In sake, ya sake. Ina cikin haka na ji Doguwa tana cire mini allura. Na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Baba, ai lokaci ya cika."

Jibin da matata ta ce, ni na riga ta shiryawa.

Magana ta biyu, a kan wata dattijuwa ce da ke gadon kusa da nawa, wadda duk muke kira Inna. Wata rana ta tambayi Doguwa, "'Yar nan, wannan a wace ƙasa aka ɗauko shi?" Doguwa ta ce, "Ba a ɗauko shi ko'ina ba, Inna, kwamfuta ce ke zana shi. Amma akwai na gaske, can ƙarshen duniya inda ƙanƙara ba ta narkewa." Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To in na kwaikwayo ya kai haka, ina ga wanda Mai sama ya yi da kansa?"

Tun daga ran nan ɗakinmu ya canza. Mai tsaki ya rage tsaki, mai kallon agogo ya manta da agogo. Ban ce koren hasken nan yana warkar da ƙoda ba, kada likitoci su kama ni da ƙarya. Cewa na yi yana ɗauke mutum daga gado ya kai shi inda babu allura, ya dawo da shi a huce.

Magana ta uku roƙo ce, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A makonninta na ƙarshe, Inna ba ta iya ɗaga kai. Talabijin na bango, ita kuwa idonta na silin. Sai ta riƙa ce mini, "Mai fenti, gaya mini, ya kai ina yanzu?" In ce, "Koren ya hau, Inna, shunayya na biye." Ta ce, "Bar shi ya hau." Haka na yi ta ba ta labarinsa har ranar da na tarar an sauya zanen gadonta.

Na zaga sabon ɗakin nan ɗazu, na ga gadaje sha biyu da injuna sababbi fil, na ga silin fari tas ba komai a jikinsa. Masu girma, an ce mini akwai na'urar da ke haska hoto a sama. Ku haska mana shi a can. Ku haska shi don wanda wuyansa ya gaji, ku haska shi don wadda ta kasa juyawa, ku haska shi don wanda zai zo gobe a tsorace, karonsa na farko.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa idonta ya ga abin da ya fi wanda ta yi marmari. Allah ya saka wa Doguwa da abokan aikinta da alheri. Masu zaman benci, Allah ya biya ku ladan jira. Mu da ke kwance, Allah ya gajarta mana awa huɗu, ya tsawaita mana kwana. Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.