Lantarki Don Karen Dung

A tashar bas ta unguwar Lozells, can ƙasar Turawa, Justina na rungume da kwali mai hoton kare, tana mita da Hausa. Wani ɗalibi da ba ta sani ba ya leƙa kwalin.

"Baiwar Allah, lantarki za ki sa wa kare? Ki ji tsoron Allah!"

"Malam, kai da ko taɓa kare ba ka yi, yau ka zama lauyansa? Waya ake binnewa a tsakar gida, a ɗaura masa abin wuya. In ya doshi waje, wutar ta ɗan ja shi."

"Ki ɗaure shi da sarƙa mana, kamar a gida."

"Na ɗaure! Maƙwabciya ta ce za ta kai ni ƙara. Shinge ya faɗi, an rage min aiki, da me zan gyara? Kullum sai ya tsallake, yana bin titi neman ubangidansa."

"Ina ubangidan?"

Justina ta ƙara matse kwalin.

"Mijina Dung? Yana Manchester. Ya ce sati biyu, yau wata tara. Da na san da abin wuyan nan, wallahi da shi na fara ɗaura wa!"